Hutu a bakin tekun Ramla, tsibirin Gozo: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Tun ranar da na ɗora hoton jan yashin nan a status ban huta ba, wannan ya kira, wancan ya turo saƙon murya na minti huɗu, kuma in ka duba duk tambayoyin kusan iri ɗaya ne. To gasu nan na tara su wuri guda. Kwana tara muka yi ni da uwargida a ƙarshen watan Satumba, abin da idona ya gani da wanda na sani shi zan faɗa.

Wai ina ne ma Gozo ɗin nan? A Italiya yake?

A'a ba Italiya ba ne, ƙasar Malta ce. Malta ɗin tsibirai ne a tsakiyar tekun Bahar Rum, kudu da Sisili ta Italiya, arewa da Libya. Uku ne ake zama a cikinsu: babban shi ne Malta, sai Gozo, sai wani ɗan mitsitsi a tsakaninsu wai shi Comino. Gozo gaba ɗayansa murabba'in kilomita 67 ne, mutanensa wajen dubu 39 a ƙidayar 2021, tsawonsa kilomita 14 kacal, wato ko rabin tafiyar Kano zuwa Wudil bai kai ba. Su 'yan garin ba Gozo suke ce masa ba a yarensu, Awdesh suke cewa. Ingila ce ta mulke su kamar mu, mun riga su samun 'yanci da shekara huɗu, nasu a 1964 ne. Sun shiga Tarayyar Turai a 2004, kuɗinsu yuro tun 2008.

Me ya sa sai Ramla, duk bakin tekun da ke duniya?

Saboda yashin. Cikakken sunan wurin Ramla l-Hamra, ma'anarsa jan yashi, wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ai ya riga ya gane kalmomin. Kuma ba ja sosai ba ne, kalarsa kamar garin kwaki da ya sha manja, da yamma in rana ta yi ƙasa sai ya ƙara rinewa. Yawancin gaɓar Malta dutse ne, shi ya sa yashi mai faɗi irin wannan yake da daraja a wurinsu.

Wurin yana ƙarshen wani kwari ne tsakanin garuruwa biyu, Nadur ta gabas, ta yamma kuma wani gari da ake rubuta shi Xaghra amma ana furta shi "Shara". Wallahi da mai bas ya ce Shara sai da uwargida ta kalle ni muka kwashe da dariya, gari tsaf-tsaf ko leda ba ka gani a ƙasa amma sunansa Shara. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a gina otal ko ɗaya a bakin ruwan ba. In ka juya baya gonaki za ka gani hawa-hawa da katangun dutse, sai 'yan rumfunan sayar da abinci, sai wani farin gunkin Nana Maryamu da Kiristocin wurin suka kafa a tsakiyar yashin tun 1881. A ƙarƙashin yashin akwai kufan wani gidan Rumawa na da, an tono shi an sake binnewa don kar ya lalace.

Da gaske shiru ne wurin, ko dai wayon ɗaukar hoto ne?

To nan ne maganar take. Hoton da kuka gani ƙarfe bakwai saura na safe na ɗauke shi. A lokacin mu biyu ne sai wani tsoho da ya zo iyo, ya ajiye silifas ɗinsa da tawul a kan dutse ya shiga ruwa abinsa ko kallonmu bai yi ba, sai wata mata tana tsince tarkace da 'yar jakarta. Tsit kake ji, banda ruwan da ke zuwa yana komawa, can nesa kuma ƙararrawar coci da haushin kare daga gonaki. Ni da na saba da ƙarar janareta da hon ɗin 'yan adaidaita sai da shirun ya fara damuna a ranar farko, na riƙa laluben waya ba dalili.

Amma fa ƙarfe goma da rabi na yi sai bas ya fara sauke mutane, masu hayar laima da kujerun kwanciya suka baje kaya, sha biyu na yi wurin ya zama kasuwa, ba irin ta Kurmi ba dai amma shirun ya tafi. Wannan a ƙarshen Satumba ke nan. A Yuli da Agusta ba masaka tsinke, musamman makon 15 ga Agusta da suke bikin da suke kira Santa Mariya, lokacin mutanen babban tsibirin suke ɗunguma su tsallako Gozo hutu da yaransu da kulolinsu.

Don haka shirun akwai shi, sai dai da sammako ake samunsa. Kuma mu Alhamdulillahi nan ne muka fi Turawa, mutumin da ya saba tashi sallar asuba ba wahala ba ce a wurinsa. Ka idar da sallah, ka haɗa shayinka a filas, ka gangara, kafin su farka ka ci awa uku kai kaɗai da teku. In rana ta take ka koma masauki ka yi ƙailula. Wajen biyar da rabi ka dawo, lokacin sun fara naɗe tawul suna bin bas, sai ka sake samun wurin har magariba. Tsarinmu ke nan kwana taran nan, sau ɗaya muka saɓa muka zo da tsakar rana kuma ba mu ƙara ba.

Wane wata ya fi?

Ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Ruwan ya sha zafin rana wata uku yana da ɗumi, yara sun koma makaranta, kuɗin masauki ya sauka. Mayu da farkon Yuni ma ba cunkoso kuma gari kore ne, amma ruwan da sauran sanyi, ɗan Arewa in ya sa ƙafa sai ya yi salati. Disamba zuwa Fabrairu lokacin ruwan samansu ne da iska, ba na iyo ba ne.

Zafinsu na Agusta yana wuce digiri 30, wanda ya sha Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zai ce wannan ai wasa ne, amma akwai gumi a ciki saboda teku, jiki ya yi ta danƙo.

Biza fa? Yaya ake yi?

Bizar Shengen ce, wato ta haɗin gwiwar yawancin ƙasashen Turai, Malta na cikin tsarin tun 2007. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru ko Chadi duk sai da ita. Kuɗinta yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, banda na ofishin da ke karɓar takardu, kuma in an hana ka ba a dawo maka da ko sisi. Ana so ka nuna inshorar lafiya ta tafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da takardar banki, da abin da zai nuna kana da abin da zai dawo da kai gida, aiki ne ko kasuwanci. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fito. Ana iya nema tun saura wata shida, kuma ni shawarata ka nema da wuri, don a ƙa'ida kwana 15 ne amma yana iya kaiwa 45.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kar ka bari wani ejan ya zuba maka kuɗin aro a asusu ana gobe za a buga takardar banki. Masu duba takardun nan aikinsu ke nan kullum, suna ganewa.

Daga filin jirgi zuwa bakin ruwan, nisa ne?

Jirgi sai ka yada zango, ko Istanbul ko wani birnin Turai, sannan ka sauka a Malta. Filin jirgin yana babban tsibirin ne. Daga nan bas ko tasi zuwa can ƙarshen arewa, wani wuri Cirkewwa, yadda ka karanta shi da Hausa haka ake faɗarsa. Nan ake shiga jirgin fito, ƙato ne har motoci da tireloli yake ɗauka, minti 25 ya kai ka tashar Gozo da ake rubutawa Mgarr ana cewa Imjar. Abin mamaki a tafiya ba wanda zai tambaye ka kuɗi, a dawowa ake biya, mai tafiya a ƙafa bai kai yuro 5 ba. Ni na yi ta neman wurin yankar tikiti har wani ma'aikaci ya yi min nuni da hannu wai wuce kawai, na ce ikon Allah. Akwai kuma ƙaramin jirgi mai gudu daga Valletta babban birninsu, shi kamar minti 45 ne, amma in teku ta motsa yana jijjiga mutum, mai saurin amai ya bi babban.

A cikin Gozo kusan duk bas daga Victoria yake tashi, garin da ke tsakiya, wanda 'yan gari har yau Rabat suke ce masa. Akwai mai zuwa Ramla, sai dai ba kowane minti ba, in ya wuce ka sai ka zauna. Mai son hayar mota ya sani ta hagu suke tuƙi irin na Ingila, mu tun 1972 muka bar wannan, ga lungunan ƙauyukan matsattsu kamar na cikin birni.

Ni fa ban iya ruwa ba sam. Ina da abin yi a can?

Yawancinmu ai haka muke, ni ma iyakar iyona na kududdufi ne muna yara, shi ma ana dukanmu a kai. Ramla na da sauƙi don ruwan a hankali yake zurfi, za ka yi 'yar tafiya yana gwiwa zuwa ƙugu, kana kallon yatsun ƙafarka tar a ƙasa. Sai dai a bakin shiga akwai duwatsu a wasu wuraren, ka sayi takalmin roba na ruwa, kar ka shiga da silifas zai tafi ya bar ka.

Amma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ramla arewa take kallo, in iskar arewa ta taso sai wurin ya sauya kamar ba shi ba, igiyar ruwa ta yi ta dukan gaɓa kuma tana jan ƙafar mutum zuwa ciki. Rana ta biyar haka muka tarar da ita, ko kusa ban je ba. Ka koyi tutocin da masu ceto ke kafawa: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja haɗari ne kar ka shiga, ja guda biyu an rufe ruwan. Kuma masu ceton na lokacin zafi ne da rana, da asubar da nake ta yabo ba kowa, saboda haka in ba ka iya ba kar ka wuce ƙugu, kar kuma ka hau katifar iska ka ce za ka yi hoto, iska na tura ta ciki kana ji kana gani. Lambar neman agaji 112.

Akwai abin da ke cizo a ruwan?

Wata 'yar halitta ce kamar leda mai ruwan hoda tana yawo a ruwa da zare-zare a ƙasanta, Turawa na ce mata jelifish. Ba cizo take ba, taɓa ka kawai za ta yi. Ta same ni a damtse, ji na yi kamar an ɗora min garwashi, wurin ya yi jan layi ya kwana huɗu yana ƙaiƙayi. In ta same ka da ruwan tekun za ka wanke, kar ka zuba na gora, kar ka murza, ka kankare zaren da gefen katin banki sannan ka nemi masu ceto ko kemis. In ka ga an ɗaga tuta mai kalar shuni-shuni irin ta makuba, to suna nan da yawa ranar. Iska ce ke koro su, in suna arewa sai ka koma kudancin tsibirin, minti ashirin ne a mota.

Wata antina ta ce: "Kai ɗan nan, ba wurin tsiraici ba ne ka kai 'yar mutane?"

Anti, gaskiya ɗaya ce, bakin tekun Turai ne, za a ga mutane da kayan wanka irin nasu, ba zan ɓoye miki ba. Amma Malta ƙasar Katolika ce mai riƙo, doka ta hana mace ta tuɓe ƙirji a bakin ruwa, kuma a ƙauyukan Gozo ko coci ba ka shiga da kafaɗa a waje. Uwargida da doguwar rigar wanka mai wando da hula ta shiga ruwa, ba wanda ya ce mata kanzil, wata tsohuwa ma murmushi ta yi mata. Kuma kin ga amfanin sammakon ke nan, lokacin da muke zuwa masu kwanciya a rana ba su fito ba.

Me za mu ci? Ba naman alade ne ko'ina ba?

Akwai shi sosai, dole ka riƙa tambaya. Abincin da suke alfahari da shi zomo ne, amma banda maganar yanka, da jan giya suke dafa shi, don haka mu mun haƙura. Kifi muka riƙe. Faɗuwa ta zo daidai da zama don lokacin wani kifi ne da suke kira lampuki, daga tsakiyar Agusta ake fara kamunsa har zuwa Disamba, soyayye da lemun tsami ba a magana.

Sai ftira ta Gozo, kamar gurasa ce mai faɗi da ake gasawa a tanderun itace, a jera dankalin Turawa yanka-yanka da tumatir da zaitun da kifin gwangwani a kai. Gidajen burodin Nadur sun yi suna a kanta, ka saya ka gangara da ita bakin ruwa a takarda tana turiri. Ka dai ce ban da tsiran nama, don nasu na alade ne. Suna da wani ɗan cuku na madarar tumaki ƙanana zagaye, wani ɗanye wani busasshe da barkono baƙi, wanda ya san cukun Agadez zai ji kamar 'yan uwa ne. Akwai imqaret, soyayyen fulawa da dabino a ciki, akwai kuma abin da suke kira helwa tat-Tork, alewa ce ta riɗi, kun ji ma sunan.

A abin sha, Kinnie lemo ne mai ɗaci-ɗaci ba giya a ciki, ni ya yi min, uwargida ta ce maganin shawara ne. Cisk kuwa giya ce, kar kalar gwangwanin ta ruɗe ka. Ruwan famfo ana sha amma yana da ɗan gishiri-gishiri don yawancinsa daga teku ake tacewa. Ka taho da yajinka daga gida, abincinsu ba yaji. Kilishi kuma bar shi, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama daga waje, a filin jirgi za a karɓe.

Sallah fa?

Kiran sallah ba za ka ji ba, ƙararrawa za ka ji, don haka manhajar waya ce ladaninka. Alƙibla gabas ce da karkata zuwa kudu. Masallacin da kowa ya sani shi ne na Mariam Al-Batool a garin Paola a babban tsibirin, Libya ce ta gina shi, Gaddafi ya aza tubalin a 1978. In Juma'a kake so daga Gozo sai ka fita da hantsi, ga fito ga bas. Sauran salloli a masauki muke yi, la'asar ɗaya na yi a gefen gona bayan rumfunan, na shimfiɗa tawul, wani manomi ya wuce da 'yar motarsa ya ɗaga min hannu.

Wane yare suke yi? Za a ji Turancina?

Turanci harshen hukuma ne a can tare da nasu, kowa na ji. Amma nasu yaren shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar. Larabci ne asalinsa, aka cakuɗa da Italiyanci, ake rubuta shi da boko. Kana saukowa daga jirgi za ka ga an rubuta Merhba, maraba ke nan. Kwanakin mako kuwa sai ka rantse a Kano aka raɗa musu suna: Tnejn, Tlieta, Erbgha, Hamis, Gimgha da ake furtawa Jima, Sibt, Hadd. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Kirista ne tsantsa amma Ubangiji Alla suke ce masa, in za su ce in Allah ya so sai su ce yek Alla yrid, azuminsu na kafin Ista kuma Randan suke kiransa, daga Ramadan.

Wata rana a wurin mai kayan lambu na ji ya ce wa wata mata hamsa, na ce masa hamsin, sittin, saba'in, tamanin, ya saki baki yana kallona, ya ce a ina na koyi yarensu. Na ce ai namu ne. Ya ƙara min tumatir biyu gyara.

To Musulmi sun taɓa zama a can ke nan?

Ƙwarai. Larabawa sun ci tsibiran a shekarar 870, Normawa, wasu Turawa Kirista, suka karɓe a 1091, amma Musulmi sun ci gaba da zama har cikin ƙarni na 13 kafin a kore su. In ka je Victoria ka hau tsohuwar ganuwar da ke saman tudu, akwai ɗan gidan tarihi a ciki, ka nemi dutsen Majmuna. Dutsen kabari ne na wata yarinya Maimuna 'yar Hassan, ta rasu a 1174, an sassaƙa rubutun Larabci irin na Kufi a jiki da Bisimillah a sama. Uwargida sunan kakarta ke nan, ta daɗe a tsaye a gabansa, muka yi mata addu'a muka fito.

Ganuwar kanta tana da labari mai ɗaci. A 1551 rundunar Turkawan Usmaniyya ta kewaye ta, ta kwashe kusan duk mutanen tsibirin, wajen dubu biyar zuwa shida, aka kai su Libya bayi. Bayan nan har zuwa 1637 doka ce kowane ɗan Gozo ya kwana a cikin ganuwa. Ko a Ramla ɗin ma akwai wata katanga da aka gina a ƙarƙashin ruwa don hana jiragen mahara isowa gaɓa, in ka hau sama ruwa na kwance za ka hango duhunta.

Banda kwanciya a yashi akwai abin gani kusa?

Ka hau kogon Tal-Mixta ta ɓangaren Nadur, daga bakinsa ake ɗaukar hoton nan da ake ganin duk jan yashin a ƙasa. Ta ɗaya ɓangaren akwai kogon Kalipso, wanda tatsuniyar Girkawa ta ce a nan wata aljana ta riƙe wani jarumi shekara bakwai, an rufe shi saboda dutsen na zaftarewa, daga sama kawai ake leƙe. A garin Shara akwai Ggantija, ginin bauta na manyan duwatsu tun wajen shekara 3600 kafin haihuwar Annabi Isa, ya girmi dalar Masar. Wanda kuma ya ga hoton wata ƙatuwar ƙofar dutse a cikin teku a intanet yana son zuwa, ya makara, ta rushe a guguwar 8 ga Maris 2017.

Ba inda ya fi Ramla shiru?

Akwai, San Blas, can bayan Nadur. Yashinta ja ne ita ma amma 'yar ƙarama ce, kuma abin da ya kore mata mutane hanyarta ce, gangare ne kamar za ka kifa. Da sauka ina ta cika baki, na ɗauko jaka da gorar ruwa biyu da laima. A hawowa na raina kaina, sau huɗu ina tsayawa ina riƙe gwiwa kamar mai ruku'u, wani dattijo da ya haife ni ya zo ya wuce ni yana taunar tuffa. Mai ciwon gwiwa, mai hawan jini, mai juna biyu, a bar ta. Mai ƙarfi kuma ya je, amma ya rage kaya.

Blue Lagoon da ake ta nunawa a TikTok fa?

Tana Comino. Ruwan kam haka yake shuɗi garau, ba ƙarya. Amma in shiru kake nema ba can ba, cunkoso ya kai har sai da gwamnati ta sa a 2025 sai ka yi rajista ta intanet kafin ka taka wurin. Mu daga jirgin fito muka hango shi, ya ishe mu.

Yaya suke kallon baƙar fata?

Ba wanda ya ci mana mutunci. Kallo dai akwai a ƙauye, irin wanda mu ma muke yi wa Bature in ya shigo unguwa. Sai dai ka sani akwai 'yan Afirka da yawa a Malta masu aikin gini da wanke-wanke, wasunsu ta kwale-kwale suka shigo daga Libya, don haka wani zai ɗauka kai ma aiki ka zo. Wani ya tambaye ni a tashar bas wai a wane wurin gini nake, na ce hutu na zo, ya ɗan ji kunya ya kama ba ni labarin inda ake samun kifi mai arha. Ka riƙa yawo da kwafin fasfo da biza a aljihu.

Kuma ba zan ɓoye ba, wannan tekun mu a gida a labarai muka san shi, jirgi ya kife, mutum kaza sun nutse. A 2016 kaɗai sama da mutum 5,000 suka halaka a cikinsa, cikinsu har da yaran da suka bi ta Agadez. Akwai safiyar da nake tsaye ruwa na wasa da ƙafata abin ya faɗo min a rai, shayin ma kasa shanye shi na yi.

An ce ana jin ƙarar harbi da sassafe, gaskiya ne?

Wani na maharban tsuntsaye ne a lokacin farautarsu, wani kuma ba harbi ba ne, kwantar da hankalinka. Kowane ƙauye na da bikin waliyyinsa a lokacin zafi, su yi ta harba wasan wuta, wani ma ba haske sai ƙara kawai kamar tayar tirela ta fashe, kuma da rana tsaka ko da safe. Na Nadur 29 ga Yuni ne, na Shara 8 ga Satumba. In masaukinka na ɗaya daga cikin garuruwan nan a makon, barci sai dai haƙuri.

Caja da agogo?

Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu na Najeriya, cajarka za ta shiga. 'Yan Nijar masu ƙafa biyu su nemi mahaɗi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, sauran watanni agogonmu ɗaya.

Ka ɗebo mana jan yashin tsaraba?

Ban ɗebo ba, kuma kar ku ɗebo. Wurin a ƙarƙashin kariya yake, tuddan yashin da ke baya ma an kewaye su ba a takawa. Kunkurun teku na zuwa yin ƙwai a nan, a 2020 wata ta haƙa rami ta zuba nata, masu sa kai suka kewaye wurin suna gadi dare da rana kusan wata biyu har suka ƙyanƙyashe. In ka ga an kewaye wani wuri da igiya to ka zagaya.

Tsarabar da ta dace gishiri ne. Bayan garin Marsalforn, a wani wuri Xwejni da ake cewa Shweyni, an sassaƙa ɗaruruwan ƙananan kwamaye a jikin dutse a bakin teku, a zuba ruwan teku rana ta busar da shi, a share da tsintsiya a tara, sana'ar gado ce kamar ta mutanen Bilma. A gefen hanya suke sayarwa a 'yan jakunkuna. Sai zuma da alewar riɗin nan. Kwalba mai ruwan hoda da aka rubuta bajtra a jiki kuma kar ka ɗauko wa Hajiya da sunan sirop, giya ce.

Gishirin jaka shida muka sayo, huɗu an raba, ɗaya na wurin Yaya Babba, ɗayar kuma uwargida ta ɓoye a saman kabad ta ce ba na miya ba ne, sai in za a gasa kifi.